Wanda ya taɓa zuwa tsibirin Farasan a Bahar Maliya ya zo ya warware mini, wannan bakin teku kuma wane iri ne?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'ar gida. Shekaranjiya na dawo daga Farasan kuma har yanzu tafin ƙafata bai huce ba. Ijaza, wato hutun aiki, aka ba mu ta kwana 4 sai wani abokin aikina mutumin Jizan ya ce in bi shi mu je, muka kama hanya da daddare daga Jidda, tafiyar kilomita wajen 700 ce, gari na wayewa muna Jizan, muka shiga abbara, wato babban jirgin fito, da motarmu kyauta ko riyal ba a karɓa ba, awa ɗaya da ɗoriya sai ga mu a tsibiri. To ni abin da na sa a raina shi ne zan tarar da farin yashi shimfiɗe irin wanda yara ke nuna mana a TikTok, kuma akwai shi ɗin ba ƙarya, amma wlh yawancin bakin ruwan dutse ne, wani irin fari-fari mai huji-huji kamar saƙar zuma ga kaifi kamar reza, silifas ɗina sabo ful bai kwana ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dutsen ba ya gangarawa cikin ruwa a hankali, tsaye yake kamar baranda, ƙarƙashinsa a rarake, kana tsaye a kai ruwa na wasa a ƙasanka kana jin ƙararsa. Na ɓallo ɗan guntu biyu na haɗa da wasu katantanwa zan kawo wa Ummi tsaraba, wani ma'aikaci ya gan ni ya ce in ajiye, wai wurin mahmiyya ne, wato an killace shi, ba a ɗaukar komai. Dutse fa jama'a. Yanzu dutsen ma sai an yi masa gadi?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Kai dai Baban Ummi ka gode wa Allah silifas ne ya tafi ba katin zamanka na iƙama ba hhhh

Maman Hanan: Sannu da hanya Yaya. Ni ina jin sunan kawai, a ina yake ne ma, ba can wajen Yaman ba?

Ɗan Sabya: Yana cikin Saudiyya 'yar'uwa, ƙarƙashin yankin Jizan, kilomita 40 zuwa 50 daga gaɓa, amma eh iyakar ruwan Yaman ba nisa shi ya sa masu gadin iyaka ba sa wasa a can, ko kwalekwale za ka hau zuwa ƙananan tsibirai sai an rubuta sunanka. Na yi shekara 3 ina kai kayan shago can duk mako. Kuma ba tsibiri ɗaya ba ne, tari ne, wasu su ce 84 wasu su ce sun haura 170, ya danganta da ko ka ƙirga 'yan ƙananan duwatsun da tsuntsaye kawai ke sauka. Uku ne mutane ke zaune, Farasan babba, da Sajid wanda gada ta haɗa su, sai Ƙumma. Baban Ummi wannan abin da ka ɓallo ba dutse ba ne irin wanda ka sani, murjani ne da ya mutu.

Malam Jarwal: Murjani kuma? Ɗana murjanin da muka sani ja ne, iyayenmu mata ke ratayawa a wuya. Wannan kuma ya ce fari ne mai yanka takalmi.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, dangi ɗaya ne amma ba iri ɗaya ba. Jan da ake yin tsakiya da shi ya fi fitowa daga tekun Bahar Rum, wanda ke Bahar Maliya kuma shi ne mai gini. Wasu 'yan ƙananan halittu ne masu rai, kowanne bai fi ƙwayar gero ko dawa ba, suna zaune a haɗe dubbai, suna zuƙo sinadarin farar ƙasa daga ruwa suna gina wa kansu gida, in na ƙasa sun mutu na sama su ɗora gini a kan gidansu, a haka a haka har ya zama katanga a cikin teku. Suna son ruwa mai ɗumi, mai haske, mara zurfi sosai. To Farasan gaba ɗayanta irin wannan katangar ce da aka ɗago sama ta bushe. Yaya in ka lura ko a tsakiyar tsibirin nesa da ruwa in ka duba ƙasa za ka ga zanen murjani da ɓawon kumba a jikin dutse.

Baban Ummi: Wallahi ƙanina na gani. Mun tsaya yin sallar la'asar a wani fako, ina ɗora goshi sai ga zanen abu kamar fure a jikin dutsen, ga teku ko hango shi ba ma yi. Na ɗauka wani ne ya zana. To amma wa ya ɗago shi saman?

Ɗalibi: Gishiri ne Yaya.

Mai Shayi: Tab. Yau kuma gishiri ke ɗaga tsibiri, gobe sai ka ce mana barkono ne ya haƙa tekun

Ɗalibi: Hhh ka bari in gama mana Alhaji. A can da, shekaru miliyoyi, akwai lokacin da Bahar Maliya ba ta samun isasshen ruwa daga waje, rana na ƙafar da wanda ke ciki, gishiri na kwanciya a ƙasa, har ya yi kaurin da a wasu wurare ana maganar kilomita ne ba mita ba. Daga baya laka da yashi da murjani suka danne shi. Shi kuma gishiri in nauyi ya danne shi na dogon lokaci ba ya zama wuri ɗaya, yana motsi a hankali kamar ƙullun da aka matse a hannu, kuma ya fi duwatsun da ke kansa rashin nauyi, sai ya riƙa kumburowa sama yana tura abin da ke bisansa. Inda ya kumburo sai murjanin ya fito daga ruwa ya zama tsibiri, ya tsattsage, shi ya sa za ka ga rami da tsaga ko'ina a Farasan. Inda kuma ruwa ya samu hanya ya narkar da shi sai wurin ya rufta, shi ya sa tsakanin tsibiran akwai ramuka masu zurfin gaske kusa da inda ruwa bai fi ƙugu ba. Duk da ɗagawar nan tsibirin bai yi tsawo ba, wurin da ya fi tudu bai wuce mita 70 da 'yan kai ba.

Ɗan Sabya: Wannan magana ta gishiri gaskiya ce ni shaida ne, ba sai an je Farasan ba. Tsohon garin Jizan ɗin kansa a kan dutsen gishiri yake zaune, ku tambayi duk wanda ya san tsofaffin unguwannin, gidaje tsagewa suke yi ƙasa na lotsawa saboda ruwa na shiga yana cin gishirin ta ƙasa, har aka riƙa tayar da mutane ana mayar da su wani wuri. Ni ban taɓa haɗa abin da Farasan ba sai yanzu.

Malam Jarwal: Subhanallah. Ni dai wannan lissafi naku na miliyoyin shekaru na bar muku, wanda ya halicci abin shi ya san ranar da ya yi shi. Amma maganar ƙasa na motsi ba baƙuwa ba ce, mun ga girgiza, mun ga rijiya ta ƙafe mun ga wata ta ɓullo.

Ɗalibi: Haka ne Malam, mu ma kintace ne da awo, ilimi na Allah ne. Yanzu haka ma na'ura na nuna yankin Larabawa na nisanta daga Afirka wajen santimita 1 a shekara, wato tekun faɗi yake ƙarawa.

Hajiya Inna: To ai shi ke nan, kullum gida ƙara nisa yake yi mana ba mu sani ba.

Maman Hanan: Allah sarki Inna, wannan magana ta taɓa ni

Baban Ummi: To barandar fa? Ita ce ta fi tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan tsibiri da muka wuce a kwalekwale wlh kamar laima, sama faɗi ƙasa siriri, na ce wa mai jirgin wannan ai gobe zai faɗi, ya yi dariya ya ce tun kakansa haka yake.

Ɗan Sabya: Ruwa ne ke cin sa daidai inda yake taɓawa. Ka san Bahar Maliya ba kamar sauran tekuna ba ce da ruwa zai ciko mita da yawa ya janye, nan cikowar kaɗan ce, to kullum igiyar ruwa wuri ɗaya take duka, kamar ka riƙa goga igiyar guga a bakin rijiya, ai ka san yadda take yin kwari a jikin itacen. Ga kuma ƙananan halittu masu manne wa dutse suna kankararsa suna cin gansakukar da ke jiki. Sama kuma ba abin da ke taɓa shi sai rana. In rarakar ta yi zurfi wata rana barandar ta karye ta faɗa ruwa, za ka gan su a zube manya-manya. Don haka shawara, kar a kai mota bakin irin wannan wuri don ɗaukar hoto, ka ga ƙasa ƙwarara a ido alhali fanko ce.

Mai Shayi: Baban Ummi faɗi gaskiya, ka kai motar ko ba ka kai ba

Baban Ummi: Na kai mana, wa ya gaya mini. Allah ne ya tsare, motar ma ba tawa ba

Ɗan Bur Sudan: Salam ya jama'a, yanzu na samu intanet na karanta daga sama. Ku kuna ta Farasan Farasan kamar ku kaɗai ke da teku, ku tsallako ɓangarenmu ku ga abu. Sanganeb yana nan kilomita 25 daga gaɓa, arewa maso gabas da Bur Sudan, shi ba ma ƙasa a wurin ko ta shimfiɗa tabarma, zobe ne na murjani mai rai da ya taso daga zurfin mita wajen 800, tsakiyarsa ruwa kwance shuɗi, abin da ke tsaye a kai kawai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce da 'yan ɗakunan masu tsaronta. In ka hau saman hasumiyar ka duba ƙasa za ka ga inda launin ruwa ya canza lokaci ɗaya daga kore-kore zuwa shuɗi mai duhu, nan ne bakin ramin. Tun 1990 aka killace shi. Sai kuma Dungunab da tsibirin Mukawwar, kilomita 125 arewa da Bur Sudan, UNESCO ta haɗa su da Sanganeb ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Naku fa?

Ɗan Sabya: Ya zol sannu da zuwa, ba gasa muke ba hhh. Farasan an killace ta a 1989, ka ga mun riga ku da shekara ɗaya, kuma a 2021 UNESCO ta sa ta cikin shirinta na mutum da muhalli, ita ce ta farko a Saudiyya. Amma gaskiya masu nutso da na sani suna yabon naku, sun ce hasken ruwanku ya fi, namu na kudu yakan ɗan yi gurɓi-gurɓi.

Ɗalibi: Abin sha'awa shi ne abu ɗaya ne a mataki biyu. Sanganeb murjani ne da yake raye yana kan gini bai fito ba, Farasan kuma wanda ya fito ya bushe mutane suka hau kai suka yi gari, sabon murjani kuma na ci gaba da gini a gefensa. Ɓangaren Sudan zurfi na farawa kusa da gaɓa, ɓangaren Jizan kuma akwai shimfiɗa mai faɗi ta ruwa mara zurfi. Har ma lokacin da tekunan duniya suka ja baya da mita wajen 120, shekara kamar 20,000 da suka wuce, da ƙafa za ka taka daga Jizan zuwa Farasan.

Hajiya Inna: Ku yaran nan kuna ta yabon murjani, mu a gidanmu da tsoro muka san shi. Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Hausa, shekara da shekaru a hanya ana noma ana gaba, ya zauna Gadarif ya zauna Kasala, daga ƙarshe suka shiga jirgin katako mai filafilai daga Sawakin. Yana ba mu labari cewa mai jirgin ba ya yarda ya yi tafiyar dare kusa da gaɓa, da rana ma sai a sa yaro ya hau can sama yana duban launin ruwa, in ya ga ya yi fari-fari sai ya yi ihu a karkata, don wannan dutsen naku in ya taɓa cikin jirgi farke shi yake kamar ƙwarya. Mutane nawa suka tafi a haka ba su ga Ka'aba ba. Allah ya jiƙansu.

Malam Jarwal: Amin Hajiya. Allah ya karɓi niyyarsu, ya ba su ladan hajjin.

Ɗan Bur Sudan: Amin Inna. Kuma Sawakin ɗin kanta da wannan dutse aka gina ta, shi ya sa da aka daina gyara gidajen suka zube kamar an jiƙa sukari, yana son shafe da kulawa. Har yau masu jirgi a nan da sunan marsa suke lissafin hanya, wato 'yan lungunan da murjani ya bar ƙofa jirgi ya shiga ya fake. In ba marsa ba inda za ka tsaya.

Baban Ummi: A Farasan ma haka na gani, tsofaffin gidaje duk da shi aka yi. An kai mu gidan Rifa'i na wani attajirin lu'ulu'u, an sassaƙa ado a bangon tun daga ƙasa har sama, da masallacin Najdi wanda aka ce an gina a 1347 hijiriyya shi ma da kuɗin lu'ulu'u. Sai ƙauyen Ƙassar da ba kowa yanzu sai masu yawon buɗe ido, ga dabino ga rijiyoyi. Na yi mamakin ruwan daɗi a tsakiyar gishiri.

Ɗalibi: Dutsen kamar soso yake, ɗan ruwan saman da ake samu ba ya gudu a kai, shigewa yake ta tsagogin ya je ya kwanta a kan ruwan gishirin da ke ƙasa saboda ya fi shi rashin nauyi. In an ja da yawa sai na gishirin ya biyo. Shi ya sa ba kogi a tsibirin ko ɗaya, kuma duk Bahar Maliya ma ba wani kogi mai gudu shekara-shekara da ke zuba a cikinta.

Maman Hanan: To ni dai har yanzu ina bayan Yaya a maganar tsarabar. A ce mutum ya yi tafiyar kilomita 700 a hana shi ɗan dutse biyu? Me zai ragu? Kuma su mutanen garin da suka gina gidaje sukutum da shi fa ba a ce musu komai ba sai baƙo

Ɗan Sabya: 'Yar'uwa su ma yanzu da bulo suke gini. Kuma ki duba, abbara na zuwa cike kullum, lokacin hutu wuri ma wuya yake, in kowa ya cika aljihu fa? Ni na ga bakin ruwan da shekarun baya ba ka iya taka ƙasa don katantanwa, yanzu sai ledar shayi da gwangwani. Sannan ma'aikacin ba zai tsaya tantance wanda ya tsinta a tudu da wanda ya ɓallo mai rai a cikin ruwa ba, shi kuma mai ran wani irin sai ya shekara bai ƙara tsawon gaɓar yatsa ba. Ga wani abu kuma, a bakin tekun akwai tsibin ɓawon katantanwa sama da 3000, mutanen da ne suka ci naman suka zubar da ɓawon, wasu tsibin sun haura shekara 5000, masu binciken tarihi na aiki a kansu. Kai kana ganin juji ne ka ɗiba, ashe kayan tarihi ka kwasa.

Mai Shayi: Wato jujin mutanen da ya zama abin gadi, namu jujin kuma baladiyya, hukumar gari, ta ci mu tara. Duniya kenan

Maman Hanan: Na ji ta wannan ɓangaren. Amma masunta fa? Don irin wannan killacewa a takarda tana da daɗi, talaka ne ke shan wuyarta. Mutum ya gaji su daga kakansa rana ɗaya a ce nan ba a shiga can ba a jefa taru.

Ɗan Sabya: Ba a hana su ba gaba ɗaya, an raba wurin ne, akwai inda ake kamun kifi akwai inda aka bari ya huta, farautar barewa ce dai aka hana ƙwaƙƙwaran hani. Amma ba zan ce miki ba ƙorafi ba, na zauna da masunta suna gunaguni, wasu na cewa ana matsa wa mai ƙaramin kwalekwale alhali ɓarnar manya ce ta fi. Ni a ganina dokar ba laifi, inda gizo ke saƙa shi ne wa take hawa kansa.

Ɗan Bur Sudan: Mu nan tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 wa ke ta murjani, kowa ta ransa yake. Garin ya cika da mutane, jiragen masu nutso da ke kawo Turawa sun tsaya, yaran da ke aiki a cikinsu sun koma neman wani abin. A Dungunab da Muhammad Gol mutane da teku suke ci. In ka ce wa mai yunwa kar ya taɓa ƙwan kunkuru sai ka ba shi abin da zai sa a tukunya. Ni ina son a kiyaye wurin wallahi, amma ku da kuke da abbara kyauta kada ku yi mana wa'azi hhh

Malam Jarwal: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗana. Ba mai yi muku wa'azi, ciwon ɗaya na duka ne.

Baban Ummi: Amin ya rabbi. Af, barewar ma na ganta, guda 3 da sassafe a cikin ƙaya, 'yan ƙanana ba su kai tamu ta daji ba. Amma inda ya fi burge ni shi ne dajin Ƙandal. Jama'a itace a cikin ruwan gishiri tsundum, kore shar, kwalekwale na bi ta tsakani kamar lungun unguwa, saiwoyin sun fito daga jikin itacen sun sauka cikin ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo, shiru sai kukan tsuntsaye. Bayan duk wannan fako da dutse ban zaci zan ga haka ba.

Ɗan Sabya: Iri biyu ne a can in ka lura. Ƙandal shi ne mai ƙafafun, shi ba ko'ina ake samunsa a Bahar Maliya ba. Ɗayan shura ake ce masa, shi ne ya fi yawa har a gaɓar Jizan, saiwoyinsa tsirowa suke daga laka tsaye kamar an kafa fensura, ta nan yake shan iska, in ka lashi ganyen za ka ji gishiri don ta nan yake fitar da shi, raƙuma na son sa sosai. Kuma ba sa fitowa a gaban igiyar ruwa, sai cikin khor, wato lungun teku, inda ruwa ya kwanta laka ta taru. Tsagogin nan da Ɗalibi ya faɗa su ne suka zama khor ɗin. Nan kifi da jatan lande ke renon 'ya'ya, shi ya sa in aka toshe bakin khor da hanya ko gini, ruwa ya daina shiga da fita, itacen bushewa yake, bayan 'yan shekaru masunci ya ga taru ba nauyi ya rasa dalili.

Hajiya Inna: An ce mini akwai ayu a ruwan, gaskiya ne? Don mu a Binuwai muka san labarinsa.

Ɗalibi: Ɗan'uwansa ne Inna, Larabawa na ce masa aɗum, wasu su ce amaryar teku. Bambancin a wutsiya yake, ta ayu kamar faranti, tasa kuma a rabe biyu. Ciyawar ƙarƙashin ruwa yake kiwo a wurare marasa zurfi, akwai shi a Farasan amma ganinsa sai mai rabo, Dungunab ta fi shahara da shi. In ya faɗa taru nutsewa yake ya mutu don da iska yake numfashi.

Mai Shayi: Kar dai 'yan maganin gargajiya su ji, gobe ka ga man ayun Farasan a Shara Mansur ta Makka

Maman Hanan: Kai Mai Shayi Allah ya shirye ka hhhh

Ɗan Sabya: Baban Ummi kuskuren da ka yi ɗaya ne, ba ka zo lokacin harid ba. Wani kifi ne mai baki kamar na aku, da bakin yake kankarar murjani, farin yashin da kake nema ma wani kaso nasa daga cikinsa yake fitowa bayan ya niƙe dutsen. Sau ɗaya a shekara wajen watan Afrilu sai ya taru garke guda ya shigo wani lungu mara zurfi da ake kira Hasis, mutanen garin suna cewa tun kafin ya iso suna jin wani ƙamshi daga teku bayan magariba. Sai masunta su zagaye shi da taru, a kewaye da rassan wata ciyawa, mutane ɗaruruwa su jeru a baki, ana ba da izini kowa ya ruga cikin ruwa, babba da yaro, wasu a riga ma suke zubawa. Ranar da na fara gani Argungu ce ta faɗo mini a rai, gora da homa kawai suka rage.

Baban Ummi: Dakata dakata. Kana nufin yashin da na kwanta a kai na yi hoto kashin kifi ne?

Ɗalibi: Ba duka ba Yaya, amma da shi a ciki

Mai Shayi: Innalillahi, ya bar silifas ya kwanta a kashin kifi an kuma ƙwace masa tsaraba. Wannan ijaza ce ko horo

Malam Jarwal: Ku bar bawan Allah ya huta haka. Ni tambayata, wuri mai nisa haka ba ruwa ba noma, me ya kai mutane tun asali?

Ɗan Sabya: Hanya ce Malam, duk jirgin da ya shigo ta Babul Mandab, ƙofar tekun ta kudu, zai yi arewa ta kusa da nan yake bi, ga mafaka ga rijiya. An samu dutse da rubutun Rumawa na shekara ta 144 miladiyya, sojojinsu sun zauna a can. Turkawa sun bar ganuwarsu a kan tudu tana nan har yau, Jamusawa ma sun gina ma'ajiyar kwal a Ƙumma a 1901 don jiragensu, mutane na ce mata Baitul Jarmal.

Maman Hanan: To in mutum zai je da yara wane lokaci ya fi, kuma akwai inda za su yi wanka ba wannan reza?

Ɗan Sabya: Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafi kam gumi kamar an rufe ka a tukunya. Sai dai da sanyin iskar kudu kan tashi, wata rana a dakatar da abbara, don haka kar ki sa komawa daidai ranar da maigida zai koma aiki. A kama gurbi a abbara da wuri musamman in da mota, a riƙe iƙama. Yashi mai kyau akwai a Ghadir da Faƙwa, amma a saya wa yara takalmin ruwa mai rufi don akwai wani abu mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu. Ƙananan jiragen fuluka na kuɗi sun fi sauri amma da yara ban ba ki shawara ba, dukan ruwa ake sha.

Ɗan Bur Sudan: In Allah ya sa ƙura ta lafa ku zo in kai ku Sanganeb, can ba wanda zai ƙwace wa Baban Ummi dutse don ba inda zai tsaya ya ɓalla

Baban Ummi: Allah ya nuna mana ya zol. Amma tun da an zo nan bari in faɗi gaskiya, da na zo wanke wandona jiya na tarar da katantanwa ɗaya 'yar ƙarama a aljihun baya, wlh ban san ta maƙale ba. Malam ya hukuncinta, in mayar ko in ba Ummi?

Mai Shayi: Ka mayar mana, kilomita 700 ne kawai

Malam Jarwal: Ka fara duba ko akwai mai gida a ciki tukuna.

Baban Ummi: Subhanallah shi ya sa ɗakin ke wani irin wari tun jiya, ina ta zargin safar yara. Bari in je in duba